Jawabin Malam a Faifai Biyu

A shekarun da nake sana'ar ɗaukar bidiyon biki, shagona yana Gyaɗi-Gyaɗi, a wani layi da ke ɓullewa titin gidan Zu, tsakanin wani tela mai ɗinkin labule da wata mata mai sayar da kayan shayi. Ɗaki ɗaya ne, da tebur, da fanka, da kwamfutar da nake tace bidiyo a kanta. Mutane suna ɗauka wahalar aikin a wajen taro take, inda ake yini da kyamara a kafaɗa. Wahalar tana shago, inda za ka zauna da ɗanyen hoto na yini guda, ka yanke nan, ka haɗa can, har ya zama abin da amarya za ta iya nuna wa danginta.

Da na sayi sabuwar kyamara, hotonta ya fi na tsohuwar kyau nesa ba kusa ba, amma nauyinsa ya fi ƙarfin kwamfutata. Ina jan hoto gaba sai ya tsaya cak, ango ya daskare baki buɗe, can kuma ya zabura ya tsallake. Aikin da nake gamawa da hantsi ya koma kai ni la'asar. Sai na kai kwamfutar wajen wani mai gyara a Tarauni, mutumin Filato, wanda ya girme ni, ya kuma daɗe a Kano har Hausarsa ba ka bambanta ta da ta 'yan gari. Injiniya kowa yake ce masa.

Ya buɗe ta ya duba, ya ce matsalar daga faifan ajiya take, wato ƙarfen nan na ciki mai riƙe duk abin da aka zuba wa kwamfuta. Faifai ɗaya ba ya iya miƙo hoton da saurin da ake buƙata. Ya ce a ƙara na biyu a haɗa su, kwamfuta ta riƙa ganinsu kamar guda.

"Amma haɗin iri biyu ne, Oga," in ji shi. "Na farko, duk abin da ka zuba za a yayyanka shi ƙanana. Wannan gutsure ya tafi faifan dama, na bayansa ya tafi na hagu, haka har ƙarshe. Su biyun suna aiki lokaci guda, don haka sauri ya kusan ninkawa, wurin ajiyarsu kuma duka naka ne. Na biyu, duk abin da aka rubuta a wannan sai a rubuta irinsa a wancan. Wurin faifai ɗaya kawai za ka samu, saurin zuba aiki kuma bai wuce na da ba. Amma in ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan da komai."

"In ɗaya ya mutu a na farkon fa?"

"Duka sun tafi."

Sauri na je nema, don haka na farkon muka yi. Yawancin masu tace bidiyon da na sani haka suke yi: a yi aiki a kan haɗi mai sauri, in an gama a kwashe kammalallen bidiyo a adana a wani faifai na waje. Na daɗe ina jin daɗin abin. Hoto yana gudu sumul, ina gama aiki da wuri, har abokan sana'a suna zuwa aron teburina.

Akwai malaminmu na firamare, mutumin Kudancin Kaduna, wanda ya koya mana lissafi. Ya yi ritaya yana zaune a unguwar Babban Giji da matarsa, wadda duk layinsu ke kira Mama. Wata rana sai ga shi a ƙofar shagona da sandarsa. Ya ce zai aurar da autarsa, kuma ni yake so in ɗauka. Na ce ai da ya aiko ma ya isa. Ya ce yana so ne ya ga inda ɗalibinsa yake cin abinci.

An ɗaura auren a coci, aka yi liyafa a ƙarƙashin rumfuna a wani fili. Da aka zo kan jawabin uban amarya, aka kawo masa kujera ya ƙi zama. Na maƙala masa ƙaramin makirufo a wuyan riga, na tsaya dab da shi. Ya fara da Hausa, ya gode wa maƙwabta, ya ba da labarin ranar da aka haifi yarinyar ana ruwan sama, mutane suka yi ta dariya. Daga nan ya juya harshensu, ya ɗora hannu a kan amarya da ango. Ban ji abin da yake faɗa ba, amma ta cikin kyamara na ga tsofaffin mata suna share ido da gefen zane.

Lokacin bukukuwa ne, aiki ya yi min yawa. In na dawo daga biki sai in juye memorin kyamara, wato ɗan katin da take adana hoto a kai, a kwamfuta, in goge shi, in tafi na gaba da shi. Bikin 'yar Malam ya shiga layi yana jiran a zo kansa, kuma a duniya babu inda yake sai cikin faifan nan biyu.

Kafin layin ya zo kansa, Malam ya kwanta ciwo, bai daɗe ba ya rasu. Aka kai shi garinsu aka binne. Da iyalin suka dawo na je gaisuwa. Falon cike da mata, Mama tana zaune a ƙasa a kan tabarma. Da na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe min hannu.

"Ɗana, bidiyon nan yana nan ko?"

"Yana nan, Mama. Gobe zan fara shi."

"Ba kiɗa da rawar nake so ba. Mun duba ko'ina, ba mu da muryarsa. Bai yarda da waya ba, ka san shi. Maganar nan tasa kawai nake so in riƙa ji."

Washegari da safe na buɗe shago, akwai wuta, na kunna kwamfuta. Na nemo jawabin na fara kallo. Ga Malam nan cikin farar riga, yana gyara tabarau. Ina cikin saurare sai na ji wata ƙara daga cikin akwatin kwamfutar, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana buga farce a kan tebur. Hoton ya tsaya. Na jira, bai motsa ba. Na kashe na sake kunnawa. Ƙarar ta dawo, kuma da kwamfutar ta gama tashi, wurin da ayyukana suke bai bayyana ba sam.

Na zauna ina kallon allon. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo neman aron caja, ya dube ni ya ce, "Lafiya kuwa?" Na ce lafiya.

Na kira Injiniya na kara masa wayar a jikin akwatin don ya ji.

"Kashe ta yanzu," ya ce. "Kada ka sake kunnawa. Akwai allura a ciki mai karanta faifan. Duk kunnawar da ka yi, tana iya ƙara kartarsa. Ɗauko ta a hankali."

Na naɗe kwamfutar da bargo, na ɗauki shatar adaidaita sahu, na rungume ta a cinya. Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ba wata tafiya ba ce, amma ran nan duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a cikina. Na yi ta roƙon direban ya rage gudu har ya waiwayo ya tambaye ni ko ƙwai na ɗauko.

Injiniya ya ciro faifan biyu, ya ba kowanne wuta shi kaɗai na ɗan lokaci, yana kara kunne. Ɗaya yana juyawa shiru. Ɗayan ya fara ƙas, ƙas, ya yi maza ya zare shi.

"Wannan lafiyarsa ƙalau," ya ce, yana nuna na farkon.

Na ce, "To ai rabi ya tsira ke nan."

Ya girgiza kai. "Ba irin wannan rabin ba ne, Oga. Ba wai coci yana wannan, liyafa tana wancan ba. Kowane ɗan motsi na hoton an raba shi tsakaninsu. Kamar a yanka shadda siri-siri ne, a ba ka ɗaya a hana ka ɗaya. Abin da ke hannunka ba zai ɗinku ba. In ba mu samo na cikin maras lafiyar ba, mai lafiyar ba shi da amfani."

Ya tambaye ni memorin kyamara. Na ce an goge, an kuma ɗauki wasu bukukuwa a kai. Ya jawo kujera ya ce in zauna.

Ya bayyana min abin da zai gwada. Zai kawo sabon faifai ya kwafe maras lafiyar a kai, kaɗan-kaɗan, ba tare da ya matsa masa ba. Inda ya karantu a ɗauka, inda ya ƙi a tsallake, daga baya a dawo a sake lallaɓawa. In an samu kwafi, sai a haɗa shi da mai lafiyar a ga abin da zai fito.

"Zai kai ƙarshe?"

"Ban sani ba. Zai iya kaiwa, zai iya mutuwa a hanya. In ya mutu, sai dai a aika inda ake buɗe faifai a ɗaki na musamman, kuma ko can babu tabbas."

Ya jona kayan a batir don kada ɗaukewar wuta ta katse aikin, ya saita ƙaramar fanka tana hura faifan. A allo aka jera ƙananan gidaje masu yawa. Wanda aka karanta sai ya zama kore, wanda ya ƙi sai ya zama ja. Koren yana tafiya a hankali, wani lokaci ya daɗe wuri ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya ban yi wani aiki ba. Kullum da safe ina shagon Injiniya, a kan benci, ina kallon gidajen nan. Shi yana gyaran wasu kwamfutocin, masu kawo aiki suna shiga suna fita. Sai ana cikin haka faifan ya yi ƙas, koren ya tsaya. Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa, mu biyu mu zuba wa allon ido. Wani lokaci faifan ya ci gaba da kansa. Wani lokaci sai an kashe shi an bar shi ya huce, kuma duk lokacin da za a sake ba shi wuta, fita nake yi waje in tsaya bakin titi, don ba na iya jiran in ji ko zai tashi.

Abinci ya daina shiga. Matata ta tambaye ni ko wani abu ya faru a shago, na gaya mata, abin ya dame ta, don ita ma ta san Mama. Na bi abokan ango a asirce ina tambaya ko wani ya ɗauki jawabin a waya. Kowa rawa ya ɗauka. Mutum ɗaya ne ya samu wani guntu daga can bayan rumfa, Malam ya yi ƙanƙane a ciki, ba a jin komai sai ƙarar janareta. Na daina bin hanyar Babban Giji, ina zagayawa ta nesa. Wayata in ta yi ƙara sai in ɗauka Mama ce kafin in duba.

Wata rana da yamma na koma shagona ɗaukar wani abu, sai ga amaryar ta shigo, sanye da baƙaƙen kaya. Ta gaishe ni, idonta ya sauka a kan teburin, inda ƙura ta zana wurin da kwamfutar take zama.

"Yaya, ina kwamfutar?"

Na ba ta kujera. Na gaya mata komai yadda yake: faifai biyu, ɗaya ya lalace, ana ƙoƙari, babu tabbas. Ina magana ina jiran ta yi kuka ko ta yi faɗa, ko wanne ta yi da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zuba wa fanka ido tana juya zoben hannunta.

"Kada ka gaya wa Mama tukuna," ta ce daga baya. "Ta riga ta faɗa wa 'yan'uwa na gida cewa za a aika musu. Kullum sai ta tambaye ni." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ka yi addu'a ta wajenka, ni ma zan yi ta wajena. In an samu labari, ni za ka fara kira, ko mai daɗi ko maras daɗi."

Ranar da aikin ya ƙare, allon kusan duk kore ne, da ɗigon ja a warwatse, wani wuri kuma jan ya taru. Injiniya ya ce faifan ya ba da abin da zai iya bayarwa, ya riga ya daina amsawa. Ya haɗa kwafin da mai lafiyar. Sunayen ayyukana suka bayyana a jere. Na ce ya buɗe na bikin. Abin da ya fito ba hoto ba ne, wasu ratsi-ratsi ne kore da shuɗi, da ƙara kamar rediyon da ya ɓata tasha.

"Tsaya," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba. "Girman gutsuren da na sa ne bai yi daidai ba. Sai na jera su yadda aka yanka su tun farko."

Ya canza, ya sake haɗawa. A karo na gaba ƙofar coci ta fito, da 'yan mata masu furanni. Hoton yana tafiya, lokaci-lokaci ya ɗan farfashe ya dawo. Na ce ya kai ni jawabin. Ga Malam nan. Ya gode wa maƙwabta, ya ba da labarin ruwan sama, aka yi dariya, komai garau. Ya juya harshensu, ya ɗaga hannu zai ɗora a kansu. A nan fuskarsa ta tarwatse ta zama ƙananan murabba'ai, muryar ta sarƙe, allon ya yi baƙi. Da hoton ya dawo, yana sauke hannu, jama'a suna cewa amin.

Muka sake gwadawa ta wasu hanyoyi. Wurin ya faɗa daidai inda jan ya taru ne, babu abin da za a samo. Sauran bukukuwan mutane ma sun sami raunuka, amma yawanci a wajen rawa ne, inda za a yanke ba wanda zai lura.

Na kira amaryar kamar yadda ta ce. Na tace abin da ya samu, na bar baƙin wurin yadda yake, don ban ga dalilin ɓoye shi ba. Da la'asar na kai gidan. Aka jona a talabijin ɗin falo. Ni ina tsugune kusa da ƙofa, kuma ban kalli allon ba, Mama nake kallo. Da muryarsa ta fito ta rufe baki da hannu. Ta yi murmushi a wajen labarin ruwan sama. Da hoton ya tarwatse na fara bayani, sai ta ɗaga min hannu.

"Mayar da shi baya."

Na mayar. Da aka sake isa wurin, allon ya yi baƙi, sai ta fara magana da harshensu, a hankali, tafin hannunta a buɗe yana kallon ƙasa. Ta ɗan wuce tsawon baƙin, har amin ɗin jama'a ya riske ta tana magana. 'Yarta tana kuka ba sauti.

Bayan an natsa, amaryar ta gaya min cewa tun kafin bikin Malam yake maimaita wa Mama jawabin da safe, yana tambayarta ko ya yi tsawo. A wurin da ya ɓace, ya ce wa amarya da ango ne kada su kai ƙarar juna waje kafin su zauna su biyu. Ya ce wa angon ba don sun gaji da ita suka ba shi ita ba. Sannan ya sa musu albarka da sunan kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. Ta roƙi uwar ta sake faɗa, ta ɗauka a waya, ta ce in sa a wurin da ya yi baƙi. Na sa, kuma shi aka aika gida.

Da zan tafi na durƙusa na ba Mama haƙuri. Ta ce, "Na gode, ɗana, ka yi ƙoƙari." Ta ƙara da cewa, "Da bakinsa na so in ji wannan wurin. Amma abin da ya samu ma, na gode."

Da na koma aiki, faifai huɗu Injiniya ya haɗa min, biyu-biyu. Ana raba aiki tsakanin ɓangarorin don sauri, amma kowane faifai yana da abokin da ke riƙe da irin abin da ke cikinsa. Rabin wurin ajiyar ya tafi a haka. Ya kuma ja min kunne cewa wannan mutuwar faifai kawai yake tarewa. In na goge abu da kuskure, a duka zai goge. In wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona akwatin, ko ɓarawo ya ɗauke shi, huɗun tare za su tafi. Don haka na fara juye ɗanyen hoto a wani faifai dabam da nake kaiwa gida, na kuma daina goge memori sai aiki ya isa hannun mai shi.

An daɗe bayan haka, wata rana ina tsakiyar aiki sai kwamfutar ta nuna cewa ɗaya daga cikin huɗun ya mutu. Hoton bai ko tsaya ba. Injiniya ya zo da sabo ya sa, ya ce yanzu abokin mamacin zai kwafe kansa gaba ɗaya a kan sabon, kuma a wannan lokacin ne ya fi shan wahala, in yana da rauni a nan zai nuna. Na san akwai kwafi a gida, amma duk da haka na rufe aikin da nake yi, na juya fankar tana hura akwatin, na zauna ban taɓa komai ba. Telan ya aiko min da shayi, ya huce a kan tebur. Sai bayan la'asar kwamfutar ta nuna an gama, na tashi na tafi masallaci.